Gora Mai Jan Ƙyalle

Ranar Litinin ta bayan Ista, ranar da Kiristocin Zuru ke cewa za su Galili, Saje Aaron ya kwaso iyalinsa daga unguwar Rikoto zuwa wurin shaƙatawa na bakin rafi. Tsohon soja ne, mai son a ce gidansa akwai tsari. Matarsa Magdalene na ɗauke da kular shinkafa da soyayyiyar kaza, 'yarsu Praise, 'yar aji uku a firamare, na jan tabarma.

Sun makara. Duk inda mangwaro ya yi inuwa an riga an shimfiɗa. Rumfunan da aka gina lokacin buɗe wurin kuwa, iska ta yaye kwanonsu tun bara, ba wanda ya ɗaga kai. Haka muke. A yi bikin buɗewa, a tafa, a watse, a bar wa Allah sauran.

"Na ce mu fito da wuri," in ji Magdalene. "Ka tsaya guga kamar za ka fareti."

"Maman Praise, ki bar ni in sha iska. Ba inuwa ba ce? Yanzu zan yi miki."

Ya ɗaure gefen tampol a jikin wata rumfa marar kwano, ya rasa abin tokare ɗaya gefen. Da ya waiga sai ya hango doguwar gora a kafe cikin ruwa, da jan ƙyalle a kanta.

Saje ya san aikin gorar nan sarai. Da rani masu haƙar yashi na loda wa tifa daga cikin rafin, su bar rami. Mutum na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya kawai ya ji babu ƙasa. Su kuma ba shinge suke yi ba, gora suke kafawa a bakin ramin su ɗaura ƙyalle. A hannunsu ya sayi yashin katangar gidansa.

Ya naɗe wando, ya shiga, ya tumɓuke gorar, ya tokare tampol da ita.

"Baban Praise, ba ta ramin ba ce?"

"Wa bai san ramin nan ba a Zuru? In za mu tashi zan mayar." Ya juya wurin 'yarsa. "Ke, kin ga baƙin dutsen can? Kada ƙafarki ta wuce shi."

Kowa ya sani. Da wannan magana muke barin rijiya a buɗe, da ita muke tsallake wayar wuta a kan hanya mu wuce abinmu.

Inuwa ta yi kyau, har maƙwabtan tabarma suka yaba. Suna cikin ci sai ga wani saurayin magidanci ya kafe babur, ya sauke matarsa da 'yarsa. Ya yi sallama, ya ce sunansa Abdulrashid, ɗan kabu-kabu ne daga Wasagu, ya kawo matarsa Asama'u ganin dangi, yarinya ta nace sai ta ga ruwa.

"Yallaɓai, ko mu raɓa nan gefe? Ranar ga ta Zuru ba ta san baƙo ba."

"Zauna, zauna," in ji Saje. "Maman Praise, zuba musu."

Maganar ramin ta zo masa har baki. Amma in ya faɗa, za a tambaye shi ina alamar, alamar kuma ga ta tana riƙe da inuwar da ake yabonsa a kai. Ya haɗiye ta tare da naman kaza. Ya ce a ransa yaran ba za su yi nisa ba.

Praise da baƙuwar yarinyar, Khairunnisa, suka shiga ruwa suna watsa wa juna. Can silifa ɗin Khairunnisa ya kuɓuce, ruwa ya ja shi. Ta bi shi. Praise ta tsaya cak a bakin dutse tana kiranta, ita kuwa ta ƙara taku, sai ruwa ya rufe kanta.

Ihun Praise ne ya tashe su. Kafin Saje ya miƙe da nauyin cikinsa, Magdalene ta riga ta faɗa ruwa da zanen Istarta. Ta nutse, ta ɗago hannu wayam, ta sake nutsewa, ta fito riƙe da hijabin yarinyar. Samari suka jawo su gaci. Aka kifa Khairunnisa, aka danna bayanta, ta yi aman ruwa, ta fashe da kuka. Asama'u ta rungume ta tana salati.

Mutane suka taru. Wani ya ce, "Ina gorar da ke nan?" Wata ta ce, "Masu yashin nan ba su da imani."

Abdulrashid ya durƙusa ya kama hannun Saje da hannu biyu. "Yallaɓai, kun ba mu inuwa, kun ba mu abinci, kun maido muna ɗiyarmu. Allah shi saka. Amma wanda ya bar ramin ga babu alama, wallahi ban yafe mai ba."

"Akwai alama," in ji Praise, tana share hanci. "Ga ta can. Baba ne ya ara."

Idanu suka bi yatsanta har zuwa jan ƙyallen da ke kaɗawa a saman kular shinkafa. Saje ya so a zage shi, ko a ci kwalarsa, da ya san yadda zai yi da wannan. Abdulrashid dai ya saki hannunsa a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Asama'u ta tura farantin shinkafar ya koma kan tabarmar su Saje.

Magdalene na matse zanenta, ko kallon mijinta ba ta yi ba.

Saje ya je ya fizge gorar. Tampol ya rufto kan abinci. Bai naɗe wando ba wannan karon, bai cire takalmi ba. Ya ratsa ruwa da kayan da ya ɓata safiya yana gogewa, ya lalubi bakin ramin da ƙafa, ya kafa gorar, ya danna ta da duk ƙarfinsa. Da ya juyo, babur ya riga ya hau tudu, yarinyar a tsakiyar iyayenta da takalmi ƙafa ɗaya.

Ya kasa fitowa. Fitowa na nufin ratsa mutanen nan. Ya tsaya riƙe da gorar, ruwa iya cinya, duk yaron da ya matso sai ya ɗaga murya.

"Kai, koma! Akwai rami a nan."

"Mun sani, Baba," in ji wani yaro.

"Ko ka sani," in ji Saje. "Koma."