Rigar Gwaggo

A wani tsohon rumbun hatsi muka kafa dandalin wasan kwaikwayo a Whitby, garin bakin teku, a waccan shekarar. Wasan na ban dariya ne. Saurayi zai sa rigar tsohuwa, ya ce shi gwaggon budurwar ce daga ƙauye, don ya samu shiga gidan ubanta. A ƙarshe uba zai fizge hular, asiri ya tonu, a ɗaura aure. Ni ce budurwar, Jasper Thackray ne saurayin, kuma ni kaɗai na san daga jirgin ruwan yaƙin sarki ya gudo. Duk wanda aka kama da wannan laifin, rataya ce.

Muna tsakiyar wasa sojojin ruwa suka shigo da kulake, suka tare ƙofa. Hafsansu ya zauna a bencin gaba, ya ɗora takobi a cinya.

Jasper ya matso kamar zai gyara mini wuyan riga. "Dorcas, daga jirgin hafsan nan na gudo," ya raɗa mini. "Ya san fuskata."

Jama'a na ta ƙyaƙyatawa, hafsan kuwa ko murmushi bai yi ba, idonsa na kan gwaggo.

Aka zo wurin tonon asiri. Tsoho Ibbotson, shugabanmu, shi ke fitowa a uba, kuma bai san komai ba. Ya miƙa hannu zai cire hular. Na faɗa jikin Jasper na ƙanƙame shi.

"Baba, kada ka taɓa ta! Na fasa auren. Gwaggo zan bi ƙauye!"

"Kai tsoho, cire hular mana!" wani ya yi ihu daga baya. "Ko tsoron tsohuwa kake?"

Ibbotson ya dubi idona, ya ga hawayen ba na wasa ba ne. Ya sauke hannu a hankali. "To ku tafi can ku ƙarata!" Aka saki labule.

Ba mu kai ga motsawa ba hafsan ya ɗaga labulen ya shigo. Ya ce a bar shi ya gaida gwaggo. Ya kama hannun Jasper, ya murza tafin ta cikin safar hannun da ya sa, ya ƙi saki.

"Iya, hannun nan ya ja igiyar jirgi," in ji hafsan.

"Ta rijiya, ɗana," in ji Jasper da siririyar murya.

Hafsan ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashin hular, sai ihu ya tashi a ƙofa. Wani masunci ne ya yi ƙoƙarin sulalewa, sojojin suka danne shi, za su kai shi aiki a jirginsu da ƙarfi, don ko ma wane ne suna bukatar mutane. Hafsan ya yi tsaki ya fita.

Ibbotson, da ya gane abin da ake ciki, ya tura Jasper ta ƙofar baya, ya cusa shi a keken doki mai kai kifi garin York. Ban sake ganinsa ba.

Da muka fito, matar masuncin na zaune a bakin titi tana kiran sunan mijinta.