Jana'izar Boko a Wayar Kabir

Hussaini ya tsani ƙarar mashin ɗin Kabir, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ko cikin mashin ɗari a tashar Kankiya zai ware ta, don ɗan banzan ya sa an huda mashi salansa, wai masu kallonsa a waya sun fi son mashin mai kuka. To ga ta yau a ƙauyen Boko, tana ratso gonakin gero, ana tsaye ana jiran a fito da gawar surukin Hussaini.

Da asuba Malam Abdulrauf ya cika. 'Yarsa Zuliha, matar Hussaini, tana kwance a asibiti a Kankiya, ta haihu da ƙyar, jininta ya hau ya ƙi sauka. Likita ta ja kunnen kowa, ta ce kada a kuskura a tayar mata da hankali, in ba haka ba jijjiga na iya dawowa. Sai dangi suka yi abin da aka saba yi, aka haɗa baki. Za a ce mata jikin Baba ne ya ɗan motsa, in ta yi ƙarfi a zaunar da ita gaban manya a faɗa mata. Hussaini ya je da safe ya kai kunu, ya ɗauki jaririya ya yi mata wasa, har dariya ya yi, sannan ya karɓe wayar Zuliha wai zai kai caji. Gwaggo Iyatu da ke jinyarta ta san komai, ta haɗiye kukanta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mashi a rai. Matar da ke gadon kusa da Zuliha, wata Rauda, waya ba ta barin hannunta, kuma muryar da ke fita daga ciki ta Kabir ce. Matan ɗakin har matsowa suke yi su kalla tare, Zuliha na cewa ai taubashin maigidanta ne, har garinsu yana zuwa. Gwaggo Iyatu ta biyo Hussaini waje ta ce ya kira Kabir ya gaya mashi, kada ya bi ta Boko yau. Hussaini ya ce Allah ya kiyaye ya roƙi wannan yaron wani abu. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Abin haushin, shi Hussainin ne ya fara wannan sana'a a yankin nan. Lokacin yana kabu-kabu tsakanin Kankiya da Kusada, sai ya riƙa ɗaure wata 'yar waya a kan mashin da robar tsohuwar taya, yana ɗaukar hanya da rafi da kasuwa. 'Yan ci-ranin da ke Legas da Fatakwal suka ji labari, wannan ya ce a nuna mashi gonarsa, wancan ya ce ƙofar gidansu kawai yake son gani. In Hussaini ya isa gari sai ya kashe mashin tun daga nesa, ya tuɓe takalma, ya gai da dattawa, ya nemi izini. Da yamma ya zauna a shagon caji ya bi hoton a hankali yana cire abin da bai kamata ba: matar wani da ta leƙo ba mayafi, tsohon da ya yi suɓutar baki, wani da waya ta kama yana fitsari a gindin dalbejiya. “A yanke nan,” ita ce kalmar bakinsa, har ta zama abin tsokanarsa. Sai ya gamsu ake zubawa a mimori a ba direban bas, ko a tura wa na kusa ta bulutut. Kafin wani ya gani an yi sati.

Kabir yana bayansa a lokacin, shi ke riƙe waya in roba ta tsinke. Da Fesbuk ya shigo suka ci gaba tare. Da manyan wayoyi suka zo, Kabir ya yi nasa mashin, ya sayi hular kwano, ya kafa waya a kan sanda gaban sitiyari, ya ce yanzu an daina yanke-yanke, kai tsaye ake yi. Ba ya kashe mashin, ba ya sauka, don ya ce da mashin ya tsaya masu kallo ke watsewa. Sun ɓata ne ranar da Kabir ya bi burtali a wajen Fakuwa ya nuna garken wani Bafulatani, Bube, har da hanyar da ke kaiwa rugarsa. Shi Bube ko ɗansa bai yarda ya ƙirga mashi shanu ba, balle duniya ta gani a wannan zamani na ɓarayi. Sai da ya tashi daga wurin da iyalinsa. Hussaini ya zagi Kabir a gaban mutane, ya koma ɗaukar fasinja, bai sake taɓa sana'ar ba. Kabir kuwa ya sa mashi suna Mai Mimori, yara suka ɗauka.

An yi salla, an ɗauki makara an nufi maƙabarta ta 'yar hanyar da ruwan jiya ya cika da taɓo. Duk mai mashin da ya zo ya jingine shi ya bi sahu a ƙafa. Kabir kaɗai ke bisa nasa, yana tafe a hankali ta gefen gero, bakinsa na motsi.

“Jama'a, mun shigo wani gari mun tarar an yi rashi. Allah ya jiƙan musulmi. Ku duba yawan mutane, ku tura wa 'yan'uwa su gani.”

Hussaini ya ji jini ya hau mashi ka. Ya fita daga sahu, ya tsallaka kwata, ya sha gaban mashin ɗin ya zare makulli.

“Sauka,” ya ce.

“A'a, Mai Mimori ne,” in ji Kabir, ya ɗaga gilashin hular. “Ba ni makullina, aiki nake.”

“Aikin uwar wa? Gawa ce ke wucewa, kana bisa ƙarfe kamar wanda ba a haifa a gida ba. Uban wa ka tambaya?”

“Hanya ta kowa ce. Ka yi naka zamanin ba wanda ya zare maka makulli. Baƙin ciki ne ke cinka, kuma ba yau ka fara ba.”

“Ni zan yi baƙin ciki da kai? Kai da na koya wa riƙe waya?”

“Ka koya mani, na wuce ka. Shi ne ciwon.”

Wasu daga ƙarshen sahu suka tsaya suna kallo. Wani dattijo ya ce su ji tsoron Allah, ba nan ne wurin ba. Hussaini bai ji shi ba. Abin da yake gani kawai ɗakin nan na asibiti, da mata sun haɗa kai a kan wayar Rauda. Ya cafki wuyan rigar Kabir, ya matso har numfashinsa na dukan wayar da ke kan sanda.

“Kai mahaukacin ina ne? Baban Zuliha ne a makarar nan. Tana asibiti, ba ta san ya rasu ba, mun ɓoye mata. In ta gani jininta ya hau ta mutu, wallahi kai ka kashe ta.”

Kabir bai ƙwace ba. Fuskarsa ta canza, ya dubi wayar, ya dubi Hussaini.

“Ka yanke nan,” in ji Hussaini yana haki. “Daga inda ka shigo gari har nan, ka yanke shi duka kafin ka saka.”

“Yaya,” Kabir ya ce. Rabon da ya kira shi haka tun kafin rigimar Bube. “Ba a yankewa. Suna ji yanzu.”

Hussaini ya san haka. Ya sha faɗa da bakinsa a tasha cewa abin da ya lalata sana'ar ke nan. Amma shekarun da ya yi yana magana a gaban waya, ko me ya faɗa akwai yamma, akwai shagon caji, akwai lokacin gyara. Hannunsa ya saki rigar.

“Ni ban faɗi sunan gari ba,” in ji Kabir, muryarsa ƙasa-ƙasa amma da ɗaci. “Ban faɗi sunan mamaci ba, ban ma san Baba ne ba. Tun safe ina kasuwar Kusada. Daga nesa na tsaya, bayan mutane kawai ake gani. Da ka kira ni ka ce kada in biyo nan, me zai rage ka? Girman kan naka ne ya hana. To ga shi ka sanar da kanka.”

Hussaini ya kai wa wayar duka, ta fita daga kan sanda ta faɗa cikin taɓo. Mutane suka shiga tsakani, wani ya riƙe shi ta baya, wani na cewa subhanallahi, a gaban gawa. Makara ta yi nisa, ta kusa shan kwanar da ke kaiwa maƙabarta.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, kusa da ta Zuliha da ya kashe tun safe. Lambar baƙuwa ce. Ya tsaya yana kallonta har ta kusa tsinkewa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don bai san ko Gwaggo Iyatu ce za ta ce mashi an rasa biyu ba. Ya ɗauka.

Zuliha ce. Ba kuka take yi ba, kuma shi ne ya fi tsorata shi. A bayanta yana jin Gwaggo na kiran nas, jaririya na tsala ihu.

“Da ka zo da safe ka sani?” ta ce.

“Zuliha, ki kwantar da hankalinki, likita ta ce...”

“Tambayarka na yi. Da kake mani dariya ka sani?”

“Na sani.”

Ya ji numfashinta na fita da ƙyar.

“An sa shi?”

“Ba a kai ba tukuna.”

“To ka ba Kabir wayarsa. Ka ce ya matsa kusa in ga Babana kafin a rufe shi. Kai ba ka da abin da za ka nuna mani.”

Ta kashe. Hussaini ya duƙa ya zaro wayar daga cikin taɓo. Gilashin ya tsage amma tana ci, rubutun masu kallo na ta hawa. Ya goge ta da bakin rigarsa ya miƙa wa Kabir, haɗe da makullin.

Kabir ya karɓi wayar, ya bar mashi makullin a hannu. Ya sauka, ya cire hular kwano ya aje bisa kujerar mashin, ya bi makara da sauri a ƙafa, bai ce komai ga masu kallo ba. Hussaini ya tsaya a tsakiyar hanya riƙe da makullin, ya rasa ko maƙabarta zai nufa ko Kankiya.