Minti Arba'in da Biyu Bayan Rufe Ƙofa

An ƙi karɓar aikin da Narelle Kostakis ta yi wata goma sha ɗaya tana yi, saboda ya makara da minti arba'in da biyu. Abin ya faru a Adelaide, ranar Litinin bakwai ga Afrilu.

Narelle na cikin 'yan sa kai masu gina Wattlebird, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke ɗauka kyauta. Duk shekara biyu suke fitar da sabon bugu. Idan saura wata biyu sai a rufe ƙofa: daga ranar gyaran kuskure kawai ake karɓa, ban da sabon abu. Nata kuwa sabo ne, domin shi zai sa kwamfuta ta yi aiki da allon rubutun makafi da wata makaranta ta saya guda talatin, suna ajiye a kabad. Ta yi wa shugabar makarantar alkawarin allunan za su fara aiki a watan Yuni, idan sabon bugun ya fito.

Sha biyun dare agogon GMT ake rufewa. A watan Janairu ta lissafa da agogon Adelaide, ta rubuta "goma da rabi na safe" a 'yar takarda, ta manna a jikin kwamfutarta. Ranar Lahadi aka mayar da agogon jihar baya da awa ɗaya, kamar kowace shekara. Ta gyara na kicin da na mota, ta manta da takardar. Goma da minti goma sha biyu ta tura aikin, har tana kurɓar kofi, alhali tun tara da rabi an rufe.

Ta kira Murray Fonoti, mai kula da fitar da bugu, a Brisbane.

"Haba Murray, minti arba'in fa!"

"Da biyu," in ji shi. "Mu nan ba ma taɓa agogo, shi ya sa muke da lafiya. Ku ne kuke wasa da rana kamar fitilar ɗaki."

"Bar zolaya, dattijo. Kai da kanka ka gwada shi, ka ce lafiya lau."

"Lafiya lau yake, hajiyar doka. Amma wa ya rubuta sashe na huɗu na dokar rufe ƙofa?"

Ita ta rubuta shi, shekara uku da suka wuce, bayan wani aiki da aka cusa a makare ya hana kwamfutoci tashi. Ita ce ma ta dage a sa "ko da minti ɗaya ne".

"To ka kira shi gyara mana."

"Layi dubu huɗu? In na kira wannan gyara, gobe mutum bakwai za su zo min da nasu gyaran. Nemi alfarma wurin kwamiti, kamar kowa."

Ta nema. Kwamitin mutum biyar ne, ana buƙatar amincewar uku kafin Juma'a. Zuwa Laraba biyu sun amince, biyu sun ƙi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi har da liƙo mata sashe na huɗu da sunanta a ƙasa. Ta ɓare takardar daga jikin kwamfutar ta jefa kwandon shara. Sau biyu shugabar makarantar ta kira, ba ta ɗauka ba.

Idan aka ƙi, allunan za su ƙara shekara biyu a kabad. Ta biyar a kwamitin, Petra Vandeleur, ta tafi kamun kifi can arewacin Broome tun Asabar, inda waya ba ta shiga. Mijinta ya ce ko Alhamis ko Lahadi za ta dawo, bai tabbatar ba.