Hashim ne ya ɗaga hannu

Rabin sakan ne tsakanina da sauran 'yan wasa. In na danna a shagon Hashim da ke bakin kasuwar Mai Wurno, sai bayan rabin sakan wasan yake sanin na danna. Wanda bai taɓa yi ba zai ce mene ne abin rabin sakan. Ni dai na sha kashe mutum ashirin da huɗu da shi a wasan.

Mu ashirin da biyar ne a ƙungiyarmu, yawanci 'yan Masar da Kuwait, ni kaɗai ne daga Sudan. Duk Juma'a bayan la'asar mukan haɗu a intanet mu shiga kogon dodo. Akwai mai garkuwa da ke tsayawa gaban dodon yana shan duka, ni kuma aikina magani, in mayar masa da jini kafin ya faɗi. In ya faɗi, an gama da kowa. Tun da ba zan iya jiran in ga dukan ba, sai na haddace dodon. Nakan ƙirga a zuci, in danna kafin ya ɗaga hannu. Ƙirgar nan ce ta riƙe mini gurbi shekara biyu, kuma ba ta jure ko da waiwaye.

Babana Usmanu ya rasu a ƙarshen damina, na yi Juma'a uku ban shiga ba. Kafin in dawo, wata ƙungiya da muke tsere da ita ta kamo mu. Dodo ɗaya ya rage, wanda ya fara kayar da shi sunansa ne zai zauna a saman allo. Tahir, shugabanmu, ya yi mini ta'aziyya da layi ɗaya, sannan ya rubuta layi biyar a kan mutum uku da ke jiran gurbina, kowanne da intanet mai gudu. Kuskure ɗaya, ya ce, in koma benci. Na ji haushinsa, amma na fi jin tsoro. Tun rasuwar, wurin nan kaɗai nake zama ba a dube ni da tausayi ba.

Gwaji goma wasan yake bayarwa a mako, ranar mun ƙone tara. Hashim ya tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta, ya kori masu cajin waya, ya zauna a bayana yana shan shayi kamar shi aka ɗora wa nauyin.

"Yalla, Uzairu, kada ka ba mu kunya," in ji shi. "Man janaretan nan ba ruwan Nilu ba ne."

Muka shiga na goma. Minti bakwai ban yi kuskure ba. Jinin dodon ya sauka zuwa kashi ashirin, inda ba mu taɓa kaiwa ba. Muryar Tahir a kunnena har rawa take. Ni kuwa ƙirga kawai nake: ɗaya, biyu, uku, danna.

Sai na ji sallama a bakin ƙofa. Kunne ɗaya nake rufewa da abin saurare saboda zafi, don haka na ji komai.

"An ce mani ɗan Usmanu yana nan cikin shagon ga. Ni Jibirin na, daga Rusairis."

Na san sunan. Shi ne aminin Baba, wanda suka yi shekaru suna tsinkar auduga tare a gonakin Hajj Abdalla suna samari. Rabonsa da ni tun ina rarrafe. A gilashin kwamfutar na hango inuwarsa: dogon tsoho, farar jallabiya, sanda, idanu sun yi yana. Ya jingine sandar a bango, ya ɗaga tafukansa biyu ya ce, "Fatiha."

A wajenmu ba a tambayar ma'anar wannan. Ko shekara ta wuce da rasuwa, in mai ta'aziyya ya ɗaga hannu, kai ma miƙewa kake ka ɗaga naka, ko tuwo ne a bakinka. Ba ya wuce sakan ashirin. Ni ko sakan biyu ba ni da su.

Kashi goma sha biyu. Hashim ya shuri ƙafar kujerata. Na danna. Ya sake shuri, da ƙarfi. Dodon ya shiga fushinsa na ƙarshe, duka biyu a jere, ƙirgar ta sauya. Na ce wa kaina yanzu zan tashi, bari wannan dukan ya wuce. Ya wuce, wani ya biyo. Hannun tsohon na nan a sama, yana ta juya kai bai san wanda zai fuskanta ba. Wallahi na so in tashi, amma yatsuna ba su bar madannan ba.

Sai na ji ƙarar kofin shayi a kan teburi. Hashim ya miƙe, ya tsaya gaban tsohon, ya ɗaga hannu.

Suka karanta. Tsohon ya rungume shi, ya fashe da kuka irin na dattawa, wanda ba shi da sauti sai kafaɗa. Ni ina kan dodon, kashi huɗu. Uku. Mai garkuwa ya kusa faɗuwa, na cafe shi da ƙyar. Dodon ya durƙusa, ya kife.

Ihun mutum ashirin da huɗu ya cika mini kunne. Mun riga su. Tahir yana kiran sunana, yana cewa ba mai taɓa gurbina muddin yana shugaba. Na zare abin sauraren na ajiye, ihun yana ta fitowa ƙasa-ƙasa daga cikinsa. Na juyo.

Baba Jibirin na zaune a kan benci, riƙe da hannun Hashim da hannu biyu. Ya ce labarin bai iske shi ba sai shekaranjiya. Ya ce motoci uku ya hau, kuma dole ya kama ta Sennar kafin magariba, don gobe likitan ido zai gan shi. Ya ba Hashim labarin ranar da Baba ya goya shi daga gona har bakin hanya, bayan kunama ta harbe shi. Ban taɓa jin labarin ba.

Hashim ya dube ni ta saman kafaɗar tsohon, yana jira. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Amma in na faɗe ta, tsohon zai san wanda ya bar shi tsaye da hannu a sama. Na buɗe baki, na rufe.

"Kai dai ka gado shi," in ji tsohon, yana shafa hannun Hashim. "Usmanu bai taɓa barin baƙo tsaye ba. Da na ɗaga hannu na ga ka miƙe, na ce halas, jininai na."

Ya lalubi sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya karkato wajen da ihun ke fitowa.

"Wanga hwa, ɗan wa?"

Hashim bai sake dubana ba.

"Mai wasa ne, Baba," ya ce, ya kama hannunsa suka nufi tasha.