Bishiyar da ta Daina Shan Ruwa

A shekarar da kamfanin haƙar kwal ya tashi ƙauyensu, aka ba Waltraud ciki da falo a hawa na uku a sabon gari. Ta kwaso tukwanenta da gadonta da hoton marigayi mijinta. Abin da bai ɗauku ba shi ne bishiyar tsakar gida, irin wadda ake ƙawatawa da Kirsimeti. Sun fi shekara talatin suna rigima a kanta da maƙwabcinta Egon, wai siraran ganyenta na toshe masa indararo.

Da Kirsimeti ta ƙarato, sai ga Egon a ƙofarta yana haki, don shi a ƙasa aka ba shi ɗaki.

"Jibi za su rushe layinmu," ya ce. "Sa takalminki. Na daɗe ina son ganin bayan bishiyar nan, gara in sare ta da hannuna."

"Kai da ko bene ba ka iya hawa, tsohon banza?"

Suka tafi a tsohuwar motarsa. Ƙauyen shiru, an ƙwaƙule tagogin gidaje. Egon ya kayar da bishiyar, ya yanke kanta daidai tsayin mutum. Waltraud ta juya baya har ya gama.

A gida ya sake yanke ɗan gindin da zarto don ta sami hanyar shan ruwa, suka tsayar da ita cikin bokiti a baranda don ta saba da ɗumi a hankali, sannan suka shigo da ita falo suka kafa ta a mazubin ruwa. Nan matsala ta taso. Zafin na'urar ɗumama sabon gidan daga ƙarƙashin daɓe yake fitowa, ba lungun da za a ɓoye bishiya kada ta bushe. Waltraud ta kashe na'urar falon ɗungurungum, ta koma zama da rigar sanyi da safar hannu.

Kullum da safe Egon zai hawo, ya tsoma yatsa a mazubin ruwan.

"Ta shanye. Ƙara mata. In gindin ya bushe sau ɗaya, ƙaro zai toshe shi, shi ke nan."

"Da can so kake ta mutu."

"Da can indararona take ci. Yanzu ina da indararo ne? Kawo kofi, ɗakin nan naki ya fi kabari sanyi."

Sai su zauna suna sha, ƙamshin tsohon gida ya cika falon, suna lissafa waɗanda suka watse: wa ya koma wurin 'ya'yansa, wa aka kai gidan tsofaffi.

Wata safiya bai hawo ba. Da ta sauka ta same shi kwance a bakin ƙofar kicin, ɓarin jikinsa ba ya motsi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, don haka ita ta bi motar asibiti, ita ta zauna a gefen gadonsa har washegari da yamma. Bishiya ko tuna ta ba ta yi ba.

Da ta dawo, mazubin ya bushe ƙayau. Ta cika shi. Gari ya waye ruwan yana nan yadda ta zuba. Ta sauke kayan adon, ta kwantar da bishiyar, ta yi ta gurzar gindin da wuƙar burodi har tafin hannunta ya saluɓe. Itacen ya fi ƙarfinta. Zarton kuwa yana kulle a ɗakin Egon. Ta zauna a ƙasa cikin ganyen da ya zube ta yi kuka, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka ɗauke ƙararrawar cocinsu.

Ranar jajibirin Kirsimeti ta kai masa ɗan reshe a aljihu. Bakinsa ya karkace, da ƙyar maganar ta fito.

"Tana sha?"

"Kamar kai a gidan biki," ta ce.

Ya yi abin da ya yi kama da dariya, ya riƙe reshen da hannunsa mai lafiya. Ganyen ya zube a kan bargo. Ya gani.

Kafin sabuwar shekara ya rasu. Aka binne shi a sabuwar maƙabarta, inda aka kwaso ƙasusuwan mutanen ƙauyen. Waɗanda suka zo jana'izar ba su cika benci biyu ba.

Da motar da ke kwashe bishiyoyin Kirsimeti bayan biki ta zo layinsu, Waltraud ta jawo tata a kan matakala, ta bar ta a bakin titi cikin sauran. Ta hau sama ta share falon. Da yamma 'yarta Gesine ta bugo waya, ta sake yi mata maganar da ta daɗe tana ƙi, ta komawa wurinsu da zama.



"To," Waltraud ta ce. "Ki zo ki ɗauke ni bayan sanyi."