Sawun Sarkin Fawa

Shekara talatin Mainasara yana bin sawun shanun sata a ƙasar Shagari, ba a taɓa yi masa dariya ba sai a kan littafi.

Maniru, ɗan ƙanensa, shi ya kawo littafin, kullum bayan la'asar yana karanta wa dattawan majalisa babi ɗaya. Labarin wani farke ne da aka kashe a bakin rijiya kusa da Sifawa, tun kafin zuwan Turawa. Littafin ya kama Mainasara, don marubucin ya san ƙasa. Ya faɗi yadda raɓa ta kwanta, ya faɗi sawun da aka gani a laka, ƙafar hagu tana jan ƙasa. A babi na huɗu kuma aka nuna Sarkin Fawa yana ɗingishi. Nan take Mainasara ya sanar da majalisa cewa ya gama aikinsa, ga mai kisan nan, in ba shi ba ne kada a ƙara kiransa bin sawu.

Babin ƙarshe ya zo da wani baƙo daga gabas, wanda ba a taɓa ambatar sunansa ba, wai shi ya yi kisan. Majalisa ta kwashe da dariya. Kwana biyu bayan haka aka sace wa wani makiyayi bijimi a Lambara, aka tafi neman wani mai bin sawun daban.

Da safe Mainasara ya hau motar Boɗinga, ransa yana tafasa. Ya sami marubucin, Malam Sadiƙ, a zauren gidansa yana duba takardun ɗalibai. Gaisuwar ma a taƙaice ya yi ta. Ya ce masa kwana goma sha biyu yana bin sawun da marubucin da kansa ya shimfiɗa, ashe yaudara ce. Mai karatu maharbi ne, in ka ba shi sawu dole ka bar masa naman a ƙarshen sawun.

Sadiƙ ya fara bayani a kan yadda ake so ƙarshe ya zo da ba-zata.

"Ba-zata? Malam, dube ni. Baƙon ga naka da ƙahwa yaz zo ko daga sama yaf faɗo? Ina sawu nai?"

Sadiƙ ya leƙa ƙofar cikin gida, ya sassauta murya. Ya ce gaskiya Sarkin Fawan ne a rubutun farko. Amma surukinsa babban mahauci ne, aka karanta masa kafin a buga, ya rantse in aka mai da mahauci mai kisan kai to sai dai a maido masa da ɗiyarsa. Shi ya sa ya ƙago baƙon a yini ɗaya.

"Kai ka tsira da aurenka, ni kab bar ni da kunya," in ji Mainasara. "Kawo na farin."

Sadiƙ ya roƙe shi, ya kira shi Baba har sau uku. Mainasara bai motsa daga kan tabarma ba har aka kira azahar. Daga ƙarshe Sadiƙ ya shiga ciki ya fito da takardu bakwai na rubutun hannu, ya ce don Allah kada maganar ta kai mahauta.

Mainasara ya ninke su ya soka a aljihun gaba, ya ce majalisa kawai za ta ji, sau ɗaya, amma sai duk wanda ya yi dariya ya zauna tukuna.