Zanen da ke Kuncin Kwandalar Kaka

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma mutumin da zan ambata ƙanin mahaifiyata ne.

Kakata Opal ta rasu ta bar mini kwandalar zinariya ɗaya, ta dala biyar, bugun 1795. Gefe ɗaya kan mace da hula, ɗaya gefen gaggafa. A kuncin macen akwai wasu siraran layuka a jere. Cikin gwangwanin maɓallai na ajiye ta, inda Kaka take ajiye ta.

Kawu Vernon yana da shagon tsofaffin kuɗi a Lancaster. Ranar bikin godiya da muke yi duk shekara a nan Amurka, ana cikin yanka talotalo, ya ce in kawo kwandalar ya gani. Ya kafa gilashi a ido, ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

"Darlene, me kika goge ta da shi? Soson tukunya?"

"Ban taɓa goge ta ba, Kawu."

"To maɓallai ne suka yi mata kitso? Abin da ya shekara ɗari biyu lafiya, ya zo hannunki ya mutu. A sana'armu kwandalar da aka goge ta zama ƙarfe kawai."

Aka yi dariya, ban da Mama. Ta dube ni ta ce, "Abu ɗaya uwata ta bari." Daga ranar ba ta ƙara ambaton Kaka a gabana ba. Kawu ya ce don zumunci zai karɓa a farashin nauyin zinariyar. Na sayar masa, har godiya na yi masa.

Bayan 'yan watanni aka ɗauke ni aikin raba shayi a taron masu tara tsofaffin kuɗi a Baltimore. Ina wucewa da faranti na hango kwandalar Kaka cikin akwatin gilashi, an rufe ta a roba. Layukan kuncin na fara ganewa.

Wata dattijuwa ce ke tsaron akwatin. Na matsa kusa na ce mata, "Baba, wannan ba ta lalace ba?"

"Waɗannan layukan? 'Yata, da su aka haife ta. A zamanin, in zinariyar ta fi nauyi, sai a rage ta da magagari kafin a buga. Dubi, zanen fuskar yana bisa layukan. Duk mai shago ya san wannan. Ba hannun da ya taɓa goge ta, shi ya sa kowa ke rububinta. Gobe da yamma za a yi gwanjonta."

"Wa ya kawo ta?"

"Wani Vernon, daga Lancaster. Ya ce gadon mahaifiyarsa ce."

Na gama raba shayin. Kuɗin bai dame ni kamar kallon da Mama ta yi mini ba, alhali Kawu ya san gaskiya, yana zaune a wurin yana cin nama.

Washegari da sassafe na je gidan Mama. Ban yi mata bayani ba, don na san bakina ba zai iya ba. Na miƙa mata rigar sanyinta da tabaraunta, muka shiga motar Baltimore, na kai ta gaban dattijuwar nan, na ce, "Don Allah ki maimaita mata abin da kika gaya mini jiya."